Samirar da Na Binne a Tsakar Gida

Mijina dillalin shanu ne, Babarbare ɗan asalin Maiduguri. A kasuwar shanu an san shi da abu biyu: ba ya rage wa dabba shekara don ya sayar, ba ya kuma fashin jam'i. Na ukun ni kaɗai na san zurfinsa, don ni nake kakkaɓe masa ƙura duk safiya. Bawan Allahn nan yana son waɗansu makaɗan Ingila su huɗu, masu gashi har kafaɗa, so irin wanda ni da na haifa masa 'ya ban tabbata na sami rabinsa ba.

Tun yana saurayi abin ya kama shi, lokacin da yake rakiyar shanu zuwa kudu. Direban da ya ɗauke su yana da kaset ɗaya tak, kwana uku ana juya shi ciki da bai. Sauran 'yan rakiya suka sauka da ciwon kai, shi kuwa ya sauka yana tambayar inda ake sayar da irinsa. Kafin ya aure ni ya tara ashirin da 'yan kai, da wata 'yar rediyo mai cin kaset, da wani littafi mai baƙin bango wanda yake rubuta tarihin mutanen nan a ciki. Turancinsa bai wuce na gaisuwa da ciniki ba. Amma haka zai tsinto tsohuwar mujalla wajen masu littattafan gwanjo, ya kai wa wani malamin makaranta ɗan kudancin Borno ya fassara masa, ya dawo ya zauna ya rubuta da Hausa. Yadda suka haɗu, da wanda ya fara neman wani, da garuruwan da suka je wasa. Har taswira ya zana da jan biro, kibiya daga wannan gari zuwa wancan.

Bayan la'asar yake zama gindin darbejiyar gidanmu a unguwar Hausari, ya kunna, ya lumshe ido. Ni dai ihu nake ji da ƙarar ƙarfe. Na sha ce masa, “Malam, wai wannan mai waƙar taka masa ƙafa aka yi?” Sai ya ce, “Ke 'yar Fulani, me kika sani ban da nono? Bar ta mai waƙa, saurari mai gangar. Ba ki ji kamar garke ya gangaro mashaya ba?” In na kasa kunne, to, akwai ɗan kama. Amma Bafulatana ba ta yarda da maganar Babarbare a gabansa, don haka sai in taɓe baki in ci gaba da tankaɗe.

Labarin da ya fi so, wanda na ji ya fi a ƙirga, shi ne na mutuwar mai gangar. Wai da ya mutu, duniya ta yi ta roƙon sauran ukun su nemo wani su ci gaba, suka ce atafau ba wanda zai hau kujerar ɗan'uwansu, an gama ke nan. Idan ya zo nan muryarsa har rawa take. “Kin ji amana ko? A kasuwa yau abokin cinikinka zai faɗi, gobe ka ga wani a kan tabarmarsa.” Ni kuma in ce, “Na ji. Ga tuwonka nan yana hucewa.”

A da ba wanda ya damu. Maƙwabta sun san shi da kiɗan Turawansa kamar yadda aka san wani da goro, wani da ƙwallo. Sai garin ya rikice.

Waɗanda suka ɗauki bindiga a cikin gari ba ma kiran sunansu, ko a ɗaka. “Yaran nan” muke cewa, mu rage murya. Ba daga wata uwa duniya suka zo ba, 'ya'yan unguwa ne, wasu mun san iyayensu. Su ne suke bin wanda suka ce ya kauce hanya, ko wanda suka ce yana kai rahotonsu, har ƙofar gida, da rana tsaka. Mutane suka fara ƙona takardun makaranta. Mai gyaran rediyon bakin layinmu ya rufe shago ya koma sayar da albasa. Ta ɗaya ɓangaren kuma ga sojoji, suna zagaye unguwa su fito da maza duka, su bi gida gida suna neman makaman da ake binnewa a ƙasa. Gaba kura, baya sayaki. In mijina ya fita da safe, sai in tsaya a zaure in bi ƙeyarsa da ido har ya sha kwana, don ban sani ba ko kallon ƙarshe ne.

Ya daina kunna kiɗan, wannan kam ya ji. Amma kaset-kaset ɗin suna nan a kan kanta, da hotunan mutanen nan a jiki, ƙirji a buɗe. Na ce a ƙona. Ya ce a'a. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka.

“Malam, don Allah ka dubi 'yar nan. In yaran nan suka shigo suka ga wannan, me za ka ce musu?”

“Me zai shigo da su? Abin shekara ashirin ne fa. Ba a jefa shekara ashirin a murhu.”

“Kai kuma a jefa ka a kabari, wannan ba komai ko?”

Ya ɗauki buta ya fita. Haka yake, in ya kafe ko jaki ya san kunya.

Ranar wata babbar kasuwa, da na tabbata ba zai dawo ba sai yamma, na hura wuta na kwaso kayan duka. Na ɗauki kaset na farko, wanda ya fi tsufa, na miƙa hannu kan wutar. Wallahi na kasa. Ba don Turawan ba, su ina ruwana da su. Rubutunsa na gani a jikin takardar, ƙanana ƙanana, inda asalin rubutun ya goge ya bi da biro ya sake fito da shi. Na tsaya riƙe da abin har zafi ya sa na janye hannu.

Sai na tuna kakata. Mu asalinmu makiyaya ne, ubana ne ya fara zaman gari bayan shanunmu sun ƙare. Kakata takan ba mu labarin yadda suke yi in za a tashi da shanu neman ciyawa: abin da ba ya ɗaukuwa, kuma ba a son a rasa, sai a naɗe shi a buzu, a haƙa rami a tsakiyar inda garke ke kwana, a binne. In an dawo bayan watanni ana samunsa yadda aka bar shi, ba ɓarawon da ya taɓa ganewa. Na ce alhamdu lillahi, ga dabara a gida ina ta wahala.

Na sauko da babbar samirar kayan aurena, na jera kaset-kaset ɗin a ciki, na ɗora littafin, na cusa 'yar rediyon da wayarta da baturanta, na rufe. Na naɗe da leda, na ƙara da tsohon buzu. A turken awaki na haƙa, kusa da katanga, 'yata tana goye a bayana tana barci. Na binne, na yayyafa ruwa, na tattaka, na share. Sannan na jefa ledoji da wani fasasshen bokitin roba a wuta don gidan ya ɗauki wari.

Abin da ban tsaya na yi tunani ba shi ne, ba ramin ne yake ɓoye kayan kakata ba, shanun ne. Garke ne yake kwana a kai, ya tattake, ya yi kashi, kafin gari ya waye ba ka bambance wurin da sauran fili. Ni kuwa awakina biyu tun watan da ya wuce muka sayar, turke ne kawai ya rage. Ba abin da ke taka wurin sai ni.

Da ya dawo, tun daga zaure ya ji warin. Ya dubi kanta, ya dube ni.

“Na ƙona,” na ce.

“Har littafin?”

“Har littafin.”

Na shirya wa faɗa, har na tanadi amsoshi. Bai yi ba. Ya shiga ɗaki ya zauna bakin gado, tuwon ranar ko kallonsa bai yi ba. Na ɓoye masa gaskiya ne don na san halin kayana: in ya ji suna ƙasa, kafin magariba ya tono su ya ce zai duba ko danshi ya shiga. Kwana tara muka yi ba abin da ke haɗa mu sai ina kwana da sai da safe. Abin yana cina, amma na ce gara fushinsa da gawarsa.

A cikin kwanakin nan wurin ya riƙa lotsawa. Duk safiya in ya fita sai in ɗebo yashi daga ƙofar gida in cike. Yashin waje fari ne, ƙasar turke kuwa baƙa ce saboda shekarun kashin awaki. Ni da nake gani kullum idona ya saba, ban ga komai ba.

Rana ta goma, da hantsi, kafin ya kai ga fita, muka ji motoci sun tsaya ta bakin layi da ta ƙarshensa. Aka yi shela maza su fito. Ya ajiye kofin shayi, ya sa hula, ya fita hannu a sama. Ta kafar ƙyauren zaure na hango su, mazan layinmu kaf, tsofaffi da samari, an zaunar da su a ƙasa cikin rana. Zafin Maiduguri na kafin damina ne, irin wanda ƙasa ke ƙona tafin ƙafa. Aka fara bin gidaje, kowane gida a taso mai shi ya shiga gaba.

Da aka zo namu, sojoji huɗu suka shigo da shi. Babbansu wani mai furfura a gefen kai, ba ya jin Hausa, sai wani dogo yake fassara masa. Aka ce in koma jikin bangon kicin in tsaya. Suka ɗaga katifa, suka leƙa randa, suka zazzage buhun gero. Sannan dogon ya tambayi mijina, “Baba, akwai abin da ka binne a gidan nan? Faɗi gaskiya tun yanzu.”

“Babu.”

“Ka tabbata?”

“Wallahi tallahi babu. In kun sami ko allura a ƙasar gidan nan, ku yi mini duk abin da kuka ga dama.”

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Mutumin da bai taɓa rantsuwa a kan ƙarya ba, ga shi na sa ya yi, kuma da wuyansa ya yi ta. Na buɗe baki, harshena ya ƙi motsi. Na ce a raina wataƙila ba za su lura ba, wataƙila su fita. Ɗayansu yana riƙe da wani dogon rodi, yana tafe yana caka ƙasa. Ya caka gindin darbejiya, ya caka bakin rariya. Sai ya tsaya, ya karkata kai yana kallon turke. A lokacin ne ni ma na ga abin da idon baƙo yake gani: farin da'ira a tsakiyar baƙar ƙasa, kamar faifai.

Ya soka rodin a hankali. Ƙarfe ya amsa.

Ban san lokacin da suka watse ba. Kafin in ƙifta ido biyu suna bayan darbejiya, ɗaya a bakin zaure, bindigogi duka a kan mijina, ana ta daka masa tsawa ya kwanta. Ya kwanta rub da ciki, hularsa ta gangara. Fuskarsa tana kallon wajena, kuma abin da na gani a cikinta ba tsoro ba ne tukuna, ruɗewa ce. Bai san me ke cikin ƙasar gidansa ba.

Sai muryata ta dawo, ta fito da ƙarfin da ban san ina da shi ba. “Ni ce! Ni na binne! Kaset ne, wallahi kaset ne, bai sani ba!”

Bindiga ɗaya ta juyo kaina. 'Yata ta farka ta tsala ihu. Dogon ya ce, “Ke kika binne?”

Kafin in amsa mijina ya ɗago kai daga ƙasa, baki duk yashi. “Ƙarya take. Ni na binne, na manta ne. Mace ce, tsoro ne ya sa ta faɗi haka. Ku bar ta.”

Ya rantse babu, yanzu ya ce shi ne. Ko ni ce sojan ba zan yarda da shi ba. Babban ya yi magana, dogon ya ce, “Tun da kai ka binne, kai za ka tono. Da hannu. In ka yi wani motsi da ba mu gane ba, shi ke nan.” Suka ja da baya har bakin zaure, suka bar ni a jikin bango, ba wanda ya tuna da ni.

Ya rarrafa ya fara tono. Ina kallon bayan rigarsa yana jiƙewa. Ina jin numfashinsa daga inda nake. Duk addu'ar da na iya ta gudu, sai “Ya Allah, ya Allah” kawai nake maimaitawa. Da ya kai ga buzun ya dakata, ya shafa shi, ya gane na gidanmu ne. Ya jawo, ya warware, ya yage ledar. Da ya ɗaga murfin samirar, abin da ya fara leƙowa wayar rediyon ce, da batura biyu da suka gangaro ƙasa. Wani ya yi ihu, na ji ƙarar ɗana bindiga, na runtse ido na sa hannu na toshe kunnen 'yata ta baya.

Ba a harba ba. Har yau ban san abin da ya hana ba.

Da na buɗe ido, mijina yana durƙushe, hannu ɗaya a sama, ɗayan yana fito da kaset ɗaya bayan ɗaya yana jerawa a ƙasa yadda aka umarce shi. Ko a wannan hali, wallahi, a jere yake ajiye su, na farko kafin na biyu. Babban ya matso ya ɗauki littafin. Ya buɗe, ya ga sunaye huɗu an ja musu layi, ya ga lambobi, ya ga taswira da jajayen kibiyoyi. Fuskarsa ta sake ɗaurewa.

“Su wane ne waɗannan huɗun? Ina suke?”

“Ɗaya ya mutu, ranka ya daɗe. Ukun suna Ingila.”

“Wannan zanen fa?”

“Garuruwan da suka je wasa ne.”

Da farko muryarsa ba ta fita sosai. Amma aka ci gaba da tambaya, shi kuma aka taɓo masa inda yake masa ƙaiƙayi. Ya fara bayani: wannan shi ne mai jita, shi ya tara su, wannan mai waƙa, wannan shiru-shiru ne amma ba abin da bai iya kaɗawa ba, wannan mai ganga, bayan mutuwarsa suka watse. Dogon yana fassarawa yana kallonsa kamar ya ga mahaukaci. Har babban ya nuna wani hoto ya ce wannan ne mai gangar, mijina ya ce, “A'a, ranka ya daɗe, na gefensa.” Mutum da bindiga a kansa yana gyara wa soja kuskure! Na ji kamar in je in rufe masa baki da hannuna.

Babban ya ce in gaskiya kiɗa ne, a kunna ya ji. Rediyon ta ƙi tashi, danshi ya kashe baturan. Sai ya ce a tafi mota, akwai mai cin kaset a cikinta. Suka tasa shi gaba da kaset ɗaya a hannu. Na bi su har zaure na leƙa.

Motar tana tsaye daidai gaban mazan da ke zaune a rana. Aka sa kaset, aka ƙure murya. Gangar nan ta fashe a tsakiyar Hausari, unguwar da ta yi watanni ko kiɗan biki ba a ji ba. Mai waƙar ya kwarma ihunsa. Babban ya saurara, ya dubi mijina da hularsa a karkace da yashi a gemu, sai ya fashe da dariya har yana dafa mota. Sauran ma suka kama. Ya dafa kafaɗar mijina, ya girgiza shi, ya miƙa masa ruwan leda mai sanyi, ya ce da 'yar Hausarsa, da ƙarfi, “Abokina! Tafi gida, abokina!”

Na saki numfashi. Sai idona ya sauka kan mutanen da ke zaune. Ba mai dariya a cikinsu. Awa uku suna gasuwa ba wanda aka ba ko ɗigon ruwa, ga nasu yana tsaye da ruwa a hannu, soja na kiransa aboki. Ba su ga bindiga a kansa a cikin gida ba, ba su ga tono ba. Abin da suka gani shi ne ya shiga da sojoji ya daɗe, ya fito ana raha. Kuma kafin motocin su tashi aka zaɓi samari uku daga cikin layin aka tafi da su.

Ya shigo gida, ya zauna a ƙasa gaban kayansa. Na jira ya zage ni, na cancanta. Sai ya ɗago, idonsa ya ciko, ya ce, “Ashe ba ki ƙona ba.” Murna yake! Yana goge kaset da gefen riga yana hura masa iska.

“Malam, ba ka ga idon mutane ba?”

“Wane ido? Kowa ya san ni a layin nan. An haife ni a nan.”

A unguwarmu, in aka yi irin wannan bincike aka tafi, kafin azahar gidaje sun cika da masu barka da arziki, mata su shigo, maza su yi sallama a zaure. Ranar ko kaza ba ta leƙo mu ba. Da ya dawo sallar la'asar na ga tafiyarsa ta sauya. Ya tsaya ya ce, “Yau an bar mini fili a sahu. Dama da hagu.” Masallacin da ake matse kafaɗa har mutum ya ji ƙashin ɗan'uwansa. Liman ya ce a cike sahu, ba wanda ya matso.

Washegari da safe wata tsohuwa maƙwabciyarmu, wadda ta yi mini wankan jego, ta shigo wai aron rariya. Muka gaisa da Barbarci, ta karɓi rariyar, ta juya ta a hannu, ba ta dube ni ba. Ta ce, “'Yata, ana cewa shi ya nuna yaran da aka tafi da su. Ni na san ba haka ba ne, amma ni wa zai tambaya? Kada ya kai gobe a garin nan.” Ta ajiye rariyar a bakin ƙofa ta fita, ta manta ma cewa ita ta zo aro.

Na same shi a ɗaki na faɗa masa. Ya ce ba inda za shi, bai yi wa kowa komai ba, gudu ma shi zai tabbatar da zargin. Zai je ya sami iyayen yaran ya yi musu bayani.

Nan na fashe. “Bayanin me? Ka ce musu Turawa huɗu ne, ɗaya ya mutu? Wallahi, Malam, ko ka tashi yanzu ko ni in ɗauki 'yata in bar maka gidan. Ni na jawo, na sani, ni na haƙa ramin nan da hannuna. Amma ba zan zauna in wanke jininka a zaure ba. Ba zan iya ba!” Na durƙusa na riƙe ƙafarsa, abin da ban taɓa yi ba tun da aka kawo ni gidan.

Ya sunkuya ya kama hannuna. Sannan ya ce, “Tashi. Ɗauko mini riguna biyu.”

Ya kai hannu kan samirar, na dube shi, ya janye. Da shingayen bincike a hanya, ba mai tafiya da wannan. Muka fita tare, ni da goyo da katin asibiti a hannu yadda kowa zai gani, shi ba jaka, rigunan suna cikin zanen goyona. Muka tari keke mai ƙafa uku a bakin titi. A tasha ya sami gurbi a motar Kano, inda ƙaninsa yake. Ta taga ya ce in kwashe in koma unguwar Mafoni wajen yayata kafin dare. Ya so ya ƙara wata magana, motar ta ja. Ya sauka lafiya, amma sai bayan kwana goma sha ɗaya na sani, don a lokacin an yanke layin waya, wani direba ne ya kawo saƙo. Shekara huɗu bai sake taka Hausari ba.

Ni dai a ranar na koma gida don in haɗa kaya. Na tura samirar ƙarƙashin itacen girki, na ɗaure tufafinmu a zane. Ana kiran la'asar na ji sallama a ƙofa, muryar maza biyu. Na zo bayan labulen zaure na tsaya. Ta ƙasan labulen ina ganin ƙafafunsu, da silifa, da bakin dogayen riguna.

“Maigidan yana ciki?”

“Ya yi tafiya.”

“Ina?”

“Bai faɗa mini ba. Kun san maza.”

“Yaushe zai dawo?”

“Allah masani.”

Ɗaya ya ɗaga labulen da bayan hannu, ya leƙa tsakar gida, ya dubi ƙofar ɗaki a buɗe, ya dubi ƙullin kayana. Ɗayan hannun nasa yana cikin riga, bai fito da shi ba. Na san shi, cikin yaran nan yake. Na je sunansa, har na ci tuwon.

“To, Inna,” ya ce, cikin ladabi. “In ya dawo, a ce mun zo gaishe shi.”

Ya saki labulen. Na ji takunsu yana nisa, ba sauri. Na jingina da bango na zauna a ƙasan zaure. 'Yata ta jiƙa mini baya sharkaf, ban san tun yaushe ba.